Tsohuwar Honda Civic a Yankin Washington: Abin Dubawa Kafin Ka Biya

Jama'a, ɗalibi da ya sauka a Maryland ko Virginia, Civic na iya zama motarsa ta farko, saboda ba ta shan mai. Amma ƙirar 2006 zuwa 2009 mai inji lita 1.8 tana da ciwo sananne: jikin injin yana tsagewa, ruwan lagireto ya riƙa zuba, inji ya yi zafi. Honda ta tsawaita garantinsa zuwa shekara 10, amma wa'adin ya wuce tuni. Yau gyaran yana nufin sauya inji, dala dubbai, wataƙila fiye da kuɗin motar.

Na biyu, katalis ɗin salansa, wanda bakanikenmu na gida ke kira indomi. In na'ura ta nuna P0420, sau da yawa shi ne, kuma sabo kan haura dala 1,000. Kar ka ce za ka cire shi kamar a Kano, gwajin hayaƙi zai kama ka.

Na uku, tsatsa daga gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Leƙa ƙarƙashinta.

Ladan bakanike a nan ya wuce dala 100 a awa. Biya awa ɗaya a duba ta kafin ciniki, ya fi araha nesa ba kusa ba.