Yadda Ake Tsara Gidan Shanu Domin Na'urar Tatsa

A gonakin madara na ƙasar Holan, inda aka fara aiki da na'urar tatsa mai sarrafa kanta a 1992, ba a kora saniya zuwa wurin tatsa. Ita ke kai kanta, dare ko rana, sau biyu zuwa uku a kullum. Na'urar takan gane ta da abin da aka rataya mata a wuya, ta zuba mata abinci, ta wanke mata kan nono, sannan ta laluba da kyamara ko hasken lesa ta maƙala kofunan tatsa. Tun da saniya ce mai zuwa da ƙafarta, da halinta za ka zana ginin.

Fara da ƙidaya. Na'ura ɗaya, ko ta kamfanin Lely na Holan ce ko ta DeLaval na Suwidin, shanu kusan 60 take iya ɗauka, kowace tatsa kuwa tana cin wajen minti bakwai. Ka zarce haka, layi ya yi tsawo, madara ta ragu. Tun a takarda ka bar gurbin na'ura ta biyu.

Sai wurin kafa ta, kuma nan ne aikin yake. Ka sa ta inda saniya za ta hango ta daga makwancinta, ka bar fili a gabanta mita biyar zuwa shida, babu ginshiƙi, babu lungu. Duk wanda ya zauna da garke ya san akwai manyan shanu masu iko da ke tsayawa bakin ƙofa su tare hanya. Karsanar da ta yi haihuwar fari, in aka tunkuye ta sau biyu a matsatsi, ba za ta sake kusantar wurin ba sai ka je ka koro ta. Fili ne ke ba ta damar kaucewa ta dawo. Kwamin ruwa ya kasance kusa, amma kada masu sha su toshe mashiga.

Daga nan ka zaɓi tsarin zirga-zirga. Wasu sukan sa ƙofofi masu tantancewa, saniya ba ta isa ga ciyawa sai ta bi ta wajen na'ura. Wasu sukan bar ta sake, ta ci, ta kwanta, ta je tatsa lokacin da ta ga dama, ɗan abinci mai daɗin da ke cikin na'urar ne ke jawo ta. Ni na fi son na biyun, domin raunanan shanu ba sa daɗewa a tsaye da yunwa, ko da yake kullum za a sami 'yan ƙalilan da sai an koro su. Saboda su ka yi ɗan shinge jikin mashiga. A bayan na'urar kuma ka keɓe wuri mai taushin shimfiɗa, inda za ta riƙa tura maras lafiya da sabuwar haihuwa.

Kula da kofato. Saniya mai ɗingishi ba ta zuwa tatsa. Daɓe kada ya yi santsi, a riƙa kwashe kashi a kai a kai, kowace saniya ta sami makwancinta, a sa kwarmin wanke ƙafa a hanyar fita.

Ɗakin tankin madara ya zama kusa, bututu gajere, madarar ta sauka zuwa digiri huɗu da wuri, motar ɗauka kuma ta iso ba tare da ta ratsa ta cikin shanu ba.

Na'urar nan ba ta hutawa, in ta tsaya 'yan sa'o'i hantsar garke duka ta cika. Kafin ka haƙa harsashi, ka tanadi janareta mai tashi da kansa, ka kuma tabbatar akwai makanikin kamfanin da zai iya isowa gonarka ko da tsakar dare ne.