Yini ɗaya a Alƙahira: inda za ka fara, abin da za ka ci, da yadda za ka yi ciniki

Mutanenmu da yawa suna shiga Alƙahira, amma kaɗan ne suke ganin ta. Wani jinya ce ta kai shi, wani ɗansa ya raka karatu a Azhar, wani kuma ya yada zango ne a hanyarsa ta zuwa Umara. In aka samu yini guda na sarari, sai a ce a je dalar Giza, a leƙa gidan tarihi, a shiga kasuwa, a hau jirgin ruwa a kogin Nilu, duk kafin Isha'i. Wanda ya ɗauki wannan hanya a cikin mota zai ƙare yininsa, domin cunkoson garin ba na wasa ba ne. Shawarata ita ce in yini ɗaya gare ka, ka ba tsohon birni shi gaba ɗaya, ka taka da ƙafarka. Giza tana can hayin kogi, rabin yini take so nata na kanta.

Ka fito da sassafe, ka karya da abin da 'yan gari suke karyawa da shi: ful, wato dafaffen wake da mai da lemon tsami, da ta'amiyya mai zafi, wato irin ƙosansu, da gurasarsu da ake kira aish baladi. Yana riƙe ciki har azahar, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ruwan gora za ka sha. Ka sa takalmi mara tsini wanda cire shi ba wuya, don za ka shiga masallatai da yawa, kuma ka tanadi canji a aljihu, saboda mai tsaron takalma da mai buɗe ƙofar hasumiya duk suna sa ran ɗan alheri. Manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikitinsu, don haka ka tabbatar katinka yana aiki a waje tun kafin ka bar masauki. Mota kuwa, kira ta da Uber ko Careem ya fi kwanciyar hankali, tunda ka san kuɗin kafin ka shiga.

Ka fara da Ƙal'a, ganuwar da Salahuddin Ayyubi ya soma ginawa a 1176 a kan tudu. Daga farfajiyar masallacin Muhammad Ali za ka hango birnin a shimfiɗe, in sama ta washe har dalar Giza kana iya hangowa. Kada ka daɗe a nan. Abin da ya fi cancantar lokacinka yana ƙasan tudun, wato masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara gininsa a 1356. An yi shi da zaure huɗu manya, da makaranta ga kowace mazhaba: Malikiyya, Shafi'iyya, Hanafiyya da Hambaliyya. Ka zauna a tsakar gidan, ka ɗaga kai ka dubi tsayin bangon. A ganina babu ginin da ya kai shi kwarjini a garin, kuma yawancin baƙi wucewa suke yi ba su shiga ba.

Ka yi ƙoƙari azahar ta same ka a masallacin Azhar. Fatimiyawa suka gina shi, aka buɗe shi a 972, kuma mutanen ƙasarmu sun daɗe da sanin hanyarsa, har akwai sashen da ake dangantawa da ɗaliban Barno. A nan za ka iya jin Hausa a bakin ɗalibai. In wani daga cikinsu ya yarda ya raka ka yawo, ka samu ɗan jagora da ya fi na haya, amma ka tuna darasi ya bari dominka, kuma guzurinsa ƙarami ne. Ka ciyar da shi, ka biya kuɗin motarsa, ka sallame shi da abin kirki ko da ya nuna kunya. Mai neman littattafai ya zaga bayan masallacin, lungun Darbul Atrak, inda kantunan littafi suke a jere. Sai dai littafi nauyi gare shi, ka san kilo nawa jirginka ya yarda da shi kafin ka ɗauki tafsiri mai juzu'i goma.

Abincin rana, ka nemi koshari: shinkafa da taliya da adas, wato wani irin ƙananan wake, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Ana kawo ruwan tafarnuwa da kal da kuma yaji daban, ka zuba kaɗan tukuna ka ɗanɗana. Mai son nama ya ci gasasshiyar kaza ko tantabara da aka cusa wa shinkafa. Miyar mulukiyya ba baƙuwarka ba ce, lalo ne. Ka duba inda 'yan gari suka cika, kuma ka ga farashi a rubuce kafin ka zauna. Shagunan da suke fuskantar masallacin Husaini sun fi tsada saboda wurin zamansu. In ƙishi ya dame ka, akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka, akwai kuma zoɓo mai sanyi, su karkade suke ce masa.

Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, sai titin Mu'izz. Tsawonsa kamar kilomita ɗaya ne, daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila, kuma masallatai da makarantu ne hagu da dama. Ka shiga ginin Sultan Ƙalawun na 1285, wanda har asibiti yake da shi a zamaninsa.

Yanzu sai kasuwa, kuma da gangan na bar ta ƙarshe, don kada ka yini da kaya a hannu. Khan Khalili ta haura shekara 600, an tsara ta layi-layi kamar Kasuwar Kurmi: masu turare, masu azurfa, maƙeran tagulla, masu carbi. Zagayen farko na kallo ne, ka tambayi kuɗin abu a shago uku ba tare da ka taya ba. Kuɗin da aka fara gaya wa baƙo ba shi ne kuɗin kaya ba. Ka taya ƙasa da rabi, ka hau a hankali, fuska a sake. In an ce albarka, ka yi godiya ka juya, sau da yawa kafin ka yi taku biyar za a kira ka. Amma in ka taya aka sallama, to ka biya, janyewa bayan sallamawa ba hali ba ne a ko'ina. Wanda ya tare ka a hanya ya ce zai kai ka shagon ɗan'uwansa, la'adarsa a kanka za ta hau. Turare ka shafa a hannu, ka yi yawo da shi kamar rabin awa ka ji ko yana kama jiki. Takardar zanen Fir'aunoni mai arha galibi ta ganyen ayaba ce. Zinariya da azurfa kuwa a auna a gabanka, ka ga hatimi, ka karɓi rasit.

Hajiya mai neman abaya, mayafi ko zanen gado na audugar Masar, ki bar tsakiyar Khan ki shiga Muski ko Guriyya, inda matan gari suke sayayya, farashin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jakarki ta kasance a gaba saboda turmutsutsu. In za ki koma ta jirgin ƙasa na cikin gari, akwai taragon da aka ware wa mata zalla.

Bayan magariba ka zauna a Fishawi, gidan shayin da ya haura shekara 200, ka sha shayi da na'ana'a kafin ka kira mota. In kana da zaɓin rana, ka kauce wa Lahadi, domin shaguna da yawa a Khan a rufe suke. Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci kasuwa take cika.