Filas ɗina ya ƙi karɓar bidiyon biki

Tambaya: Malam, daga Showak ta jihar Gadarif nake rubutowa. Filas ɗina mai 32GB babu komai a ciki, amma ya ƙi ɗaukar bidiyon bikin ƙanwata mai 6GB.

Amsa: Ɗan'uwa, filas ɗinka lafiya lau yake. Tsarin FAT32 da ya zo da shi ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, komai yawan filin da ya rage. Ka yi masa fomat zuwa exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006. Windows da Mac duk suna karanta shi. Fomat yana share komai, don haka in akwai kaya a ciki, a kwashe su tukuna. Sai dai wasu tsofaffin talabijin ba su san exFAT ba. Idan a irin wannan talabijin za ku kalla, bar filas ɗin a FAT32, ka raba bidiyon gida biyu. Kuma kada ka fizge filas yana tsakiyar kwafi.