Tumatir A Ɗakin Leda: A Kula Da Iska

Manoma, duk wanda ya kafa ɗakin leda don noman tumatir, ya sani aikin da iska ke yi a fili ya koma wuyansa. Da rana tumatir ya fi son zafin digiri 21 zuwa 27 na santigiret. In ya zarce 32, fure yakan zube. To, da bazara a riƙa ɗage gefen ledar tun da safe, a bar raga ta tare ƙwari. Ban ruwa da safe, a gindi. Jiƙa ganye da yamma ke jawo ruɓa. Kullum da hantsi a girgiza shukar don garin fure ya sauka, ta yi 'ya'ya. In an yi sakaci, ganye za a gani, ba na kai wa kasuwa.