Idan Tsohon Hali Ya Dawo Bayan Baftisma

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun fito daga ruwan baftisma muna zaton fushi, gulma da sha'awar jiki sun tafi ke nan. Da tsohon hali ya sake leƙowa, sai gwiwa ta yi sanyi, har wani ya daina zuwa sujada don kunya. Kada ku yi haka, yaƙin na tsawon rai ne. Bitrus da ya yi wa'azi ranar Fentikos, shi ne Bulus ya tsawata wa a Antakiya bayan shekaru, domin ya daina ci tare da al'ummai saboda tsoron mutane. Wannan tsoron ne ya sa shi musun Yesu tun farko.

Ku san lokacin rauninku. Dauda ya faɗi ne sa'ad da ya zauna a Urushalima, sojojinsa suna bakin daga. Ga wani, dare ne da waya a hannu; ga wani, majalisar da ake cin naman mutane. Ku tashi daga wurin.

In kun faɗi, ku furta wa Allah a ranar. Ku nemi dattijo ko uwa mai riƙon amana ku yi addu'a tare, kamar yadda Yakubu 5:16 ya koyar. Wanda kuka ɓata wa kuwa, ku je ku roƙe shi gafara kafin Jibin Ubangiji mai zuwa.