Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske ne ana yin shuni ba baba, ba soda?

Tambaya: Ni mai rinin shadda ce a Gidigir, gundumar Gure. Soda ta cinye mini hannuwa, warin garin da muke zubawa a tukunya kuma yana shaƙe ni. Na ji a rediyo wai masana sun gano yadda za a yi shuni da wani abu mai suna enzayim, ba guba a ciki. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, a ina ake sayensa?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Labarin gaskiya ne, sai dai ba a kai ga auna miki shi a kasuwa ba, ko a Gidigir, ko a Damagaram, ko a Kantin Kwari na Kano. Amma ki ɗan ba ni aron kunnenki, don a ƙarshe za ki ga abin ba baƙonki ba ne.

Enzayim suna ne na Turawa, aikin kuwa kin daɗe da saninsa. Idan aka naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, enzayim ne ya yi aiki. Idan aka zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankali a kunun zaƙi ya tsinke ya yi zaƙi, shi ne. Wani ɗan ƙanƙanen sinadari ne da jikin mai rai ke ƙerawa, aikinsa yanka wani abu ko haɗa wani da wani, kuma kowanne da sana'arsa guda, kamar yadda wanzami ba ya ƙira.

To, ganyen baba kore ne, ba shuɗi ba. Me ya sa? Domin abin da ke cikinsa ba shuni ba ne tukuna. Wani sinadari ne marar launi da ake kira indikan, wato ɗanyen shuni da aka ɗaure wa ƙwayar sukari a jiki don kada ya kama. Da an daka ganyen ko an jiƙa shi, sai wani enzayim da ke cikin ganyen ya yanke sukarin. Ɗanyen shunin ya sha iska, biyu-biyu su haɗu, launi ya fito. Matsalar ita ce shuni idan ya kama ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Duk wahalar rini a nan take.

Marinan karofi sun warware ta tun ba a san sunan enzayim ba. A Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ana zuba baba da toka a rijiyar rini, a bar su kwanaki suna tsimuwa, ana motsawa da doguwar sanda. Ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ke narkar da shunin a ruwan tokar. Shi ya sa tufa ke fitowa daga rijiya kore-kore, sai ta sha iska ta rikiɗe. Da wannan aka yi turkuɗin Kura da ya riƙa ratsa Damagaram zuwa Agadas ya zama rawanin Buzaye. Bajamushe Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta na kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Ko laka da ke taruwa a gindin rijiyar ba a zubar da ita: katsi ke nan, da shi ake haɗa laso na shafen soro.

Sai masana'anta ta shigo. Wani Bajamushen, Adolf von Baeyer, ya gano yadda ƙirar shuni take a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da na sinadari a 1897. Cikin ƴan shekaru noman baba ya durƙushe a Indiya, daga baya araha ta biyo mu har gida. Yau dubun-dubatar tan ake yi a shekara, mafi yawa don wandon jins, daga anilin da ake samu a man fetur, haɗe da wasu sinadarai masu guba. Kuma da yake masana'anta ba ta da haƙurin jiran kwanaki, sai ta narkar da shi da soda da garin haidirosalfait. Su ne abokan aikinki biyu, Hajiya: ɗaya na cin hannu, ɗaya na shaƙe maƙogwaro, ruwansu kuma idan ya gangara yana ɓata ƙasa da rafi.

Maganar da kika ji ta faro ne da katari. A 1983 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Burt Ensley, suka dasa wa bakteriyar E. coli ƙwayoyin gado na wata bakteriya, da wata manufa dabam, sai suka tarar ruwan da suke kiwonta a ciki ya yi shuɗi. An samu shuni ba gona ba fetur. Murnar ba ta yi nisa ba, don shunin nan ma sai an narkar da shi da garin nan mai wari.

Dabarar da ta fi burge ni ta zo a 2018, daga jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, inda Tammy Hsu da John Dueber da abokan aikinsu suka koma suka tambayi ganye yadda yake yi. Suka ɗauko enzayim ɗin da ke ɗaura sukari daga wani tsiron shuni na Japan, suka sa wa bakteriyar, ta riƙa fitar da indikan maimakon shuni. Indikan yana narkewa a ruwa salin-alin. A jiƙa auduga da shi, a kawo enzayim mai yanke sukari, launi ya fito a cikin zaren kansa, ba a nemi gari ba. A 2024 kuma masu bincike a jami'ar fasaha ta Danmak, ƙarƙashin Ditte Welner, suka yi wa enzayim ɗin da ke ɗaura sukari kwaskwarima don ya daina saurin mutuwa a bakin aiki, suka kuma nuna cewa haske ma, har na rana, yana iya kwance sukarin.

Kwaskwarimar nan ba tsafi ba ce. Enzayim kamar carbi yake, ƙwayoyinsa iri 20 ne a jere, ɗaruruwa. A sauya ƴan kaɗan, a gwada, a riƙe wanda ya fi juriya, a sake. A kan irin wannan aiki aka ba Frances Arnold kyautar Nobel a 2018.

Yanzu ga inda nake so ki yi hattara da zaƙin bakin rediyo. Indikan ya fi shunin masana'anta tsada nesa ba kusa ba. Bakteriya sai da sukari, sai da manyan tankuna masu tsabta da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Kuma duk wannan bincike a kan launi ɗaya ne, alhali tukunyarki na ganin ja da kore da ruwan ƙwai. Akwai kamfanoni kamar Colorifix a Ingila da ke gwada wasu launukan da bakteriya, amma cinikinsu da manyan masaƙu ne. A ganina, ciwon da ake nema wa magani na masana'antar jins ne. Karofi bai taɓa kamuwa da shi ba, illa dai yana da jinkiri da wari, kuma mai saye ba ya son biyan kuɗin wahalarsa.

Kafin abin ya iso, ki sa safar hannu ta roba mai kauri wadda ta kai gwiwar hannu. Ki yi aiki a fili, iska na kaɗawa daga bayanki. Soda ake zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa. Garin ki rufe shi inda danshi ba ya kai, don idan ya jiƙe yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Kuma a ƙasa irin taku, inda ruwa ke kusa a cikin kwari, dabino da rake na sha daga gare shi, kada ki zubar da ruwan rini kusa da rijiya ko lambu. Hannuwan nan kuma ki kai su likita ya duba a makon nan.