Abin da Ya Hana Kwamfutar Amiga Shiga Ofis

Ranar 23 ga watan Yuli, 1985, kamfanin Commodore na Amurka ya gabatar da wata sabuwar kwamfuta mai suna Amiga a birnin Niyok. Na'urar tana iya nuna launuka har 4,096, tana fitar da sauti mai daɗi, kuma tana gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda. A wancan zamani kuwa, yawancin kwamfutocin IBM da ke ofisoshi aiki ɗaya suke yi a lokaci ɗaya, launukansu ma 'yan kaɗan ne. Amma duk da wannan fifiko, shekara tara bayan haka, wato a watan Afrilu na 1994, kamfanin ya karye. Dalilan karyewar suna da yawa, ciki har da sakacin shugabanninsa, sai dai akwai guda ɗaya da ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya a kansa.

Kowace kwamfuta kashi biyu ce. Akwai gangar jikinta da ake iya taɓawa, akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya mata abin da za ta yi. Manhajar da aka rubuta wa wani nau'i ba ta aiki a kan wani, domin ƙwaƙwalwar Amiga ƙirar Motorola ce, ta IBM kuwa ƙirar Intel ce, kuma kowace da yarenta. Akanta ba ruwansa da yawan launi. Abin da yake nema shi ne Lotus 1-2-3, manhajar lissafi da ta fito a 1983, shi kuma mai kula da bayanan ma'aikata yana neman dBASE. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka yi wa Amiga. Kamfanin Microsoft ma bai taɓa yi mata Word ko Excel ba. Manhajar buga rubutu ta WordPerfect ta iso a 1987, amma ba a daɗe ba masu ita suka daina sabunta ta.

Ilmin halitta yana da misalin da zai haskaka wannan al'amari. Duk wanda ya taɓa ɓare ɓaure ya san 'yan ƙwarin da ke cikinsa. Waɗannan ƙwari su ne ke kai wa furen ɓaure garin haihuwa, su kuma ba su da wurin yin ƙwai sai cikin ɓauren. A wajejen 1880 manoman Kalifoniya sun shigo da wani irin ɓaure daga ƙasar Turkiyya. Itatuwan suka yi kyau, amma 'ya'yan sai su zube tun ba su nuna ba. Haka aka yi ta fama har 1899, lokacin da aka samu nasarar kawo ƙwaron da ya dace. To, haka kwamfuta take da manhaja. Masu rubuta manhaja ba za su zuba dukiyarsu ba sai sun ga ofisoshi sun sayi na'urar, su kuma ofisoshi ba za su saya ba sai sun ga manhaja. Kowa yana jiran kowa.

Wasu abubuwa sun ƙara dagula lamarin. An ƙera Amiga ta yadda hotonta zai dace da talabijin, saboda haka idan aka buƙaci rubutu ƙanana masu yawa, sai allon ya riƙa rawa, abin da ke gajiyar da idon mai wuni yana aiki. Sannan Amiga 500 mai sauƙin kuɗi, wadda ta fito a 1987, ta yi kasuwa ƙwarai a Ingila da Jamus, amma a matsayin na'urar wasan yara, kuma kwafar faifai ba da izini ba ta yawaita tsakanin masu ita. Da wuya shugaban banki ya yarda ya ɗora asusunsa a kan abin da ɗansa ke wasa da shi a gida.

Commodore ya nemi mafita ta hanyar sayar da wani kati da ake cusawa cikin Amiga 2000 domin ta yi aiki da manhajojin IBM. Dabarar ba ta da ƙarfi, domin mai saye yana iya tambaya: me zai hana ya sayi irin ta IBM kai tsaye?

Wuri guda ne Amiga ta samu ƙwaronta. Dacewar nan da talabijin, wadda ta cuce ta a ofis, ita ce ta amfane ta a ɗakunan shirya bidiyo. A 1990 kamfanin NewTek ya fitar da Video Toaster tare da manhajar zane ta LightWave, ƙananan gidajen talabijin suka rungume ta, har aka yi amfani da ita wajen zana jiragen sararin samaniya na shirin Babylon 5 a 1993. Sai dai wannan kasuwa ƙarama ce, ba ta isa ta riƙe kamfani ba. A 1995, shekara guda bayan karyewar Commodore, ita ma LightWave aka fitar da ita a kan Windows.